Idan Allurar Gudu Ta Kwanta

"Ai ba ta hana tafiya." Da wannan ake sallamar duk wanda ya shiga tsohuwar a-kori-kura ya lura allurar agogon gudu tana kwance a kan sifili alhali mota tana sheƙa gudu. Direbobi sun daɗe suna faɗin haka, masu motocin ma haka, yanzu kuma ga shi a bakin 'ya'yansu, waɗanda su ne aka miƙa wa makulli. Da ku nake son yin magana, samari, musamman na nan unguwar Nassarawa, inda gidaje da dama ke da irin wannan mota ajiye ƙarƙashin maɗaci ko darbejiya: Hilux ta shekarun 1990, ko Land Cruiser mai buɗaɗɗen baya, wadda uba ya saya a gwanjo lokacin yana aiki, ba ta fita sai za a kai taki Kadawa ko a ɗauko shinkafa daga Kura da Bunkure.

Gaskiya ne ba ta hana tafiya, amma tana hana ka sanin irin gudun da kake yi. Za ka ce kunnenka da jikinka sun ishe ka. Jiki kuwa yana ruɗin mutum. Wanda ya taso daga Zariya yana kan 100 tun daga can, idan ya shigo gari ya sassauta zuwa 70, ji zai yi kamar rarrafe yake. Ƙa'idar hanya ta ƙasar nan ta ba ƙananan motoci kilomita 50 a awa cikin gari, 80 a babbar hanya, 100 a tagwayen hanya. Hukumar Lafiya ta Duniya ta ce mai tafiya a ƙasa da mota ta buge tana kan 65, haɗarin mutuwarsa ya ninka sau huɗu da rabi a kan wanda ta buge tana kan 50. Tazarar 15 ce kacal, kuma babu kunnen da zai raba maka 50 da 65 a cikin rugugin injin dizal. Ka tuna yadda titin Ahmadu Bello ko na Audu Bako yake da la'asar sakaliya, yara na dawowa daga Islamiyya, mai adaidaita sahu na tsayawa inda ya ga dama. Titunan unguwar nan masu faɗi ne, inuwa ta rufe su, ƙafa kan yi nauyi a kan totur mutum bai sani ba.

A kan 100, mota tana cin kusan mita 28 a kowace daƙiƙa. Nisan da birki ke buƙata ba ya ƙaruwa daidai da ƙaruwar gudu: idan gudu ya ninka biyu, nisan ya ninka huɗu. Tsakanin 100 da 120 kaɗai, ƙarin ya kusa rabi. Wannan lissafi ne na mota mai lafiya, balle tsohuwar a-kori-kura da aka lafta wa buhunan shinkafa.

Akwai asara ta biyu da ba a cika kula da ita ba. Abin da ke motsa allura shi ne ke juya lambobin kilomita. Idan sun tsaya tare, ka rasa lissafin lokacin juyen baƙin mai, wanda a tsofaffin injunan dizal ake yi duk bayan kilomita 5,000. Abin da ya fi wannan nauyi, a Hilux masu injin 2L da 3L akwai 'yar fitila a dashbod da aka rubuta wa T-BELT, wadda ke kamawa idan mota ta cika kilomita 100,000 don a canza bel ɗin taimin. Da lambobin nan take aiki. Idan sun shekara uku a tsaye, fitilar ba za ta kama a kan lokaci ba, bel kuwa yana can yana tsufa. Ranar da ya tsinke mota na tafiya, fistin zai doki bawul, gyaran da kebur ɗin agogo guda zai hana ya koma sauke kan injin.

To, a gyara. A nan ne nake ganin matasa suna zubar da kuɗi. Da an ce agogo ya mutu, sai a nufi Kofar Ruwa a sayo wani agogon ɗungurungum, a ɗaura, allura ta ci gaba da kwanciyarta. Wanda ya buɗe famfo bai ga ruwa ba, ai ba sabon kan famfo yake fara saya ba. Yakan leƙa tanki, ya bi bututu, ya ga inda ruwan ya tsaya. Shawarata ita ce kada ka sayi komai sai ka ga abin da ya lalace da idonka. Don haka sai ka fara sanin yadda abin yake aiki.

Fasahar tsohuwa ce. Wani injiniya mai suna Otto Schulze ya yi mata rajista a Jamus a 1902, kuma kusan haka ta zauna har zuwa motocin da iyayenku suka saya. Gaɓoɓi uku ne. A ƙarƙashin mota akwai 'yar giya ta roba mai haƙora, wadda sandar da ke kai ƙarfi ga tayoyin baya ke juyawa. Ita kuma tana juya wata igiyar ƙarfe da ke cikin kube, ita ce ake kira kebur, ta taso daga ƙasa ta shigo bayan dashbod. A cikin agogo, kebur yana juya maganaɗisu a cikin wani ɗan kofi na alminiyom. Ba sa taɓa juna, amma juyin maganaɗisun yana jan kofin, allura tana manne da kofin, wani siririn sifirin kuma yana riƙe ta kada ta zarce. Iya saurin juyi, iya tashin allura. Daga wannan kebur ɗin dai wasu ƙananan giyoyi ke ɗaukar juyi su kai wa lambobin kilomita.

Aikin farko ba ya buƙatar sifana. Ka mayar da ƙaramin lissafin tafiya sifili, ka zagaya daga gida zuwa Filin Sukuwa ka dawo, ka duba. Idan lambobi sun motsa amma allura ba ta tashi ba, juyi yana isowa har cikin agogo ke nan. Giyar ƙasa da kebur lafiyarsu lau, matsalar tana cikin agogon kansa, kada ka wahalar da kanka da shiga ƙarƙashin mota. Idan allura da lambobi duka sun tsaya, juyin ne ba ya isowa, sai a nemi inda ya yanke. Idan allura tana rawa, tana tsalle, musamman a ƙaramin gudu, ko kana jin wani ƙiƙi-ƙiƙi daga bayan dashbod da sanyin safiyar hunturu, kebur ne ya bushe ko ya lanƙwashe, yana maƙalewa yana saki. Wannan bai mutu ba tukuna, amma yana kan hanya.

Sannan ka yi tambaya. Ka je wurin Baba, ko tsohon direban gidan, ka ce yaushe rabon da a ga allurar nan tana aiki, kuma me aka yi wa motar a lokacin. Sau da yawa amsar tana nan. An sauke giyabos don canza kuloc, aka mayar da komai aka manta kebur yana reto. An sa sabon rediyo, hannun mai sawa ya ture kan kebur daga bayan agogo. An maƙale a laka da damina, aka jawo motar da tarakta. Tambayar minti biyu takan rage maka aikin yini, kuma dattawa suna jin daɗi idan aka tambaye su tarihin abin da suka riƙe shekara da shekaru.

Idan ta kama a shiga ƙasa, a shiga da hankali. Ka ajiye motar a wuri mai daidai, ka kashe ta, ka ja birkin hannu, ka sa ta a giya, ka tokare tayoyi gaba da baya da duwatsu, ka bari salansa ta huce. Waɗannan motoci suna da tsayin da mutum zai kwanta a ƙarƙashinsu ba tare da an ɗaga ba. Idan har an ɗaga, kada ka taɓa sa jikinka ƙarƙashin motar da jak kaɗai ke riƙe da ita. Na roƙe ku da wannan, domin jak ba ya sanarwa kafin ya zame.

A motar da ke ja da ƙafa huɗu, kada ka nemi kebur a jikin giyabos. Ka wuce baya, zuwa akwatin da ke raba ƙarfi tsakanin tayoyin gaba da na baya, wanda makanikai ke kira ogzilari. A wutsiyarsa, kusa da inda farfelar baya ta fito, za ka ga kebur ya shiga da wani zobe mai zare. A can aka sa shi saboda idan ka shiga ƙaramar giyar ja a yashi ko laka, giyabos yana juyi da sauri alhali tayoyi na tafiya a hankali. Da a giyabos ake aunawa, da allura ta yi ƙarya. Ka goge lakar da ta bushe a wurin, ka warware zoben da hannu ko da filaya ba tare da ka matse shi ya lotse ba. Bakin igiyar ƙarfe zai bayyana. Ka ja shi a hankali. Idan guntu ya biyo hannunka, bakinsa a tsattsage, magana ta ƙare: kebur ya tsinke.

Idan bai biyo ba, ka sa ƙaninka ya zauna a kujerar direba ya zuba wa allura ido, kai kuma ka murza bakin igiyar da yatsu da sauri. Allura mai lafiya takan ɗan zabura. Wanda ke da injin huda katako mai batir, ya kama bakin igiyar da shi ya juya a hankali. Idan ba ta tashi ba ya juya ta ɗaya ɓangaren, domin gefe ɗaya kawai take amsawa. A fuskar agogon motocin Japan da dama, can ƙasa, za ka ga an rubuta lamba 637 da ƙananan haruffa. Ma'anarta kebur yana juyawa sau 637 a kowace kilomita, wato juyi 637 a minti ɗaya shi ne gudun 60. Ka ga ba a buƙatar ka ƙure injin hudar. Idan allura ta tashi ta tsaya cak ba rawa, kebur da agogo sun fita daga zargi, saura giyar roba.

Noti guda ne da ɗan ƙarfe ke riƙe da gidanta. Ka ajiye kwano a ƙasa saboda man giya yakan ɗiga, ka kwance, ka zaro ta a hankali kana murzawa. Ka kai ta haske. Giyar da ta ci za ka ga tsakiyar haƙoranta ya goge ya yi sulɓi, wani lokaci har da ɓarɓashin roba a cikin man. Ka ƙirga haƙoran, ka duba ko an buga lamba a jikinta, ka tafi da ita kasuwa a aljihunka. Yawan haƙoran an daidaita shi ne da girman taya da giyar aksul ɗin motar, shi ya sa Hilux biyu masu kama ɗaya kan zo da giya daban. Mai shago zai iya ce maka duk ɗaya ne, za ta shiga. Za ta shiga ɗin, amma allura za ta riƙa faɗin abin da ba shi ba.

Kafin ka sa sabuwa, ka tsaya ka tambayi kanka abin da ya cinye tsohuwar. Da gangan aka yi ta da roba, don idan wani abu ya cije ita ta lalace, sauran su tsira. Galibi kebur ne ya yi tsatsa ya ƙi juyawa, ko agogon ya yi tauri. Idan ka canza giya ka bar abin da ya kashe ta, bayan wata biyu za ka koma kasuwa. Idan kuwa haƙoranta lafiya, ka haska tocila cikin ramin ka dubi abokiyarta da ke kan sandar ciki. Lalacewar waccan sai an buɗe wutsiyar ogzilari, wannan kuma aikin bakanike ne, ka kai masa.

Idan an juya daga ƙasa allura ba ta motsa ba, a koma sama. A kwance agogo a jawo shi gaba kaɗan, a danna maƙallin da ke bayansa a cire kebur, a sake juyawa daga ƙasa ana kallon bakin sama. Bai juya ba, ya tsinke a tsakiya. Ya juya, a duba ko kusurwoyin bakinsa sun goge har yana zamewa a cikin gurbinsa. In ba haka ba, yanzu ne ka tabbatar laifin agogo ne. Wajen sa sabon kebur, ka bi hanyar da kamfani ya bi da tsohon, ka mayar da shi cikin maƙallansa, nesa da salansa, ba tare da lanƙwasa mai tsanani ba. Irin wanda ake iya zaro igiyarsa, a shafa mata giris kaɗan, a bar kamar taƙi guda daga sama a bushe. Idan ka tarar da kuben cike da man giya, sil ɗin da ke gidan giyar roba ya saki. A canza shi, domin juyin igiya yana hawa da man har cikin agogo ya daƙushe shi.

Motocin da suka biyo baya sun bar kebur. A daidai wurin nan na wutsiyar ogzilari za ka tarar da sensa mai wayoyi uku: ɗaya na kawo wuta, ɗaya na ƙasa, ɗaya na kai saƙo sama. Tsarin bincike bai canza ba. Idan allurar mai da ta zafi su ma sun mutu, ka fara da fis. Daga nan ka cire soket ɗin sensa ka duba cikinsa. Wurin yana shan laka da ruwa, za ka iya tarar da ƙarafunan sun yi kore. Ka bi wayar da yatsa. Motar da ke wata guda a ajiye a bayan gida kusa da sito, ɓeraye kan mayar da ita masauki, kuma suna son rigar waya. Mai rewaya na kirki zai sa mitarsa ya tabbatar wuta na zuwa, ƙasa na kamawa, sannan ya juya sensa ya ga ko saƙon yana hawa yana sauka. A tsofaffin Toyota masu fetur matsalar takan fito da lamba 42, a na baya-bayan nan kuma P0500 idan aka jona kwamfuta. Ka lura, lambar cewa ta yi saƙon gudu ba ya isowa. Ba ta ce sensa ta mutu ba. Waya ɗaya da ta yanke ma ita za ta haifar. A wasu masu birkin ABS kuma daga tayoyi ake ɗauko saƙon. Idan komai na ƙasa lafiya, kuma allura takan farfaɗo in an bubbuga dashbod, dalmar da ke bayan agogo ce ta tsage saboda shekarun da ta yi tana shan zafin Maris da Afrilu. Mai gyaran rediyo da ya iya hannunsa zai sake narka ta.

Wani gargaɗi a nan. Idan bakanike zai ɗaga tayoyin baya ya tayar da mota don gwaji, ka tabbata ƙaramin liban ogzilari yana kan H2, makullan tayoyin gaba kuma suna kan FREE. In ba haka ba tayoyin gaba za su iya ja, mota ta diro daga kan abin da aka ɗora ta, ta yi kan duk wanda ke gabanta.

Akwai kuma allurar da ke aiki amma ba ta faɗin gaskiya, kuma ni na fi jin tsoronta, saboda ana yarda da ita. Samari kuna son manyan tayoyi. Tayar 205R16 da Hilux da yawa suka zo da ita tsayinta kusan milimita 735 ne. 265/75R16 kuwa ta haura 800. Kowane juyi ɗaya na babbar ya fi cin ƙasa da kusan kashi goma cikin ɗari, agogo kuwa juyi yake ƙirgawa. Yana nuna maka 100, kana kan kusan 110. Haka motocin da aka shigo da su daga Amurka, irin su Tacoma: manyan lambobinsu mil ne. Mil ɗaya ya ɗan haura kilomita 1.6, don haka 60 a can kusan 97 ne a nan, 80 kuma ya kusa 130.

Duk wannan ban faɗa don ku raina makanikai ba. A Kwakwaci da sauran garejojin garin nan akwai mutanen da suka fi shekara talatin a ƙarƙashin waɗannan motoci. Amma akwai bambanci tsakanin yaron da ya zo ya ce, "Oga, mita ta mutu," da wanda ya gaida mutum ya ce, "Malam, lambobi da allura duk sun tsaya, na juya kebur daga ƙasa allura ta tashi, ina zaton giyar roba ce." Na biyun an san ba za a sayar masa da abin da ba ya buƙata ba, kuma za a koya masa ƙari. Ku kuma da ke koyon aiki a gareji, idan kun sauke giyabos ku mayar da kebur ko da mai mota ba zai lura ba. Idan wani ya kawo muku mota ya ce a mayar da lambobi baya zai sayar, ku ba shi haƙuri. Wanda zai saya da waɗannan lambobi zai lissafa ranar canza bel ɗinsa, kuma iyalinsa zai ɗauka a ciki.

Idan bincike ya nuna sai an canza agogo gaba ɗaya, ka nemi na irin motarka sak, na dizal ga dizal, ka gwada shi da injin huda tun a shago kafin ka biya. Ka rubuta lambar da tsohon ya tsaya a kai, da wadda sabon ya zo da ita, da ranar da aka yi canjin, a ɗan littafi ka ajiye a aljihun dashbod; duk wanda motar ta koma hannunsa ka ba shi tare da takardu.

Bayan gyara a gwada a hanya mai sarari, kamar hanyar Haɗeja bayan an fita cunkoso. Wanda ke gefenka ya riƙe waya mai nuna gudu ta tauraron ɗan adam, kai ka riƙe sitiyari. Ka tsaya a kan 40, sannan 60, sannan 80, yana faɗa maka abin da ya gani. A kan 60, kilomita ɗaya minti ɗaya take ci. Idan allura ta ɗara waya da uku ko huɗu, haka kamfanoni ke saita ta, ka bar ta. Idan ta gaza abin da waya ta nuna, a koma kan girman taya da haƙoran giya. In kuma babu wanda ya san tsawon lokacin da lambobin suka yi a tsaye, a juye baƙin mai, a canza bel ɗin taimin a makon nan, a fara sabon lissafi daga lambar da ke kan agogo a ranar.